Mura ce ke tayar da asmar yara, ko sanyi ne?

Maman Auta, Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, ko Allah zai sa a samu mai sani a nan. Autana shekararsa 6, tun yana ɗan shekara 3 aka ce yana da asma. Abin da na lura, ciwon ba ya tashi haka kawai. Sai ya fara da majina da atishawa da ɗan zafin jiki kamar kowane yaro. Yayyensa su yi murarsu su warke, shi kuwa bayan kwana biyu ko uku sai ƙirji ya kama, dare ya yi ya tashi zaune yana jan numfashi, daga ɗaya ɗakin ana jin ƙirjin yana fito. Babansa ya ce ƙanƙarar da yake sha a bakin lakwal ce. Uwar mijina ta ce sanyi ne ya shige shi tun yana jinjiri. Ni dai murar nake zargi. To idan ita ce, don me ba za a ba shi antibiyotik da zarar ta fara ba, a kashe ta tun ba ta sauka ƙirji ba? Na nemi a rubuta mini an ƙi.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Hajiya, ni ba na jiran kowa. Da na ga majinar nawa ta yi kauri sai in biya in sayo amoksisilin, kafin sati ya miƙe yana ball a waje. Kwali ma nake ajiyewa a gida.

Manjo, ma'aikacin lafiya: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma wannan kwalin ku fitar da shi daga gida. Mura ƙwayar bairos ke kawo ta, amoksisilin kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Satin nan da kuka ce yaro ya miƙe, shi ne dai kwanakin da mura ke yi ta wuce da kanta, ko an sha magani ko ba a sha ba. Maman Auta, wanda ya ƙi rubuta miki ya yi daidai, kuma zarginki ma daidai ne. Mura ce kan gaba wajen tayar da asmar yara.

Baban Khalifa: Manjo, majina fa kore shar. Wannan ma bairos ne?

Manjo: Ita ma. Launin daga ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cutar yake fitowa, mura ta yau da kullum tana yin haka a kwana na uku ko na huɗu. Abin da zai sa mu ba da antibiyotik shi ne limoniya, ko kunne na zubar da mugunya, da makamantansu, kuma sai an auna yaro.

Ɗalibar likita: Ina wuni iyayena. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, bari in ƙara a kan maganar Manjo. A garin Southampton na Ingila an taɓa bin yara ƴan shekara 9 zuwa 11 masu tari da fitowar ƙirji har tsawon shekara guda, duk lokacin da ciwon ya tashi a ɗauki majinarsu a auna. Sakamakon ya fito a 1995: a cikin kowane tashi 10, an samu bairos a wajen 8. Mafi yawa kuma wadda ake kira rinobairos ce, ita ce ƙwayar murar da kowa ke yi. Tana da iri fiye da 150, kuma wanda jiki ya saba da shi ba ya kare ka daga na gaba. Shi ya sa ƙaramin yaro ke iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara alhali lafiyarsa lau, shi ya sa kuma har yau ba a samu allurar rigakafinta ba.

A yaro marar asma ƙwayar takan tsaya a hanci da maƙogwaro. A mai asma hanyoyin iska na cikin huhu dama a kumbure suke kaɗan ko da yana wasa yana dariya. Da ƙwayar ta sauka sai abu uku su haɗu: bangon hanyar ya ƙara kumbura, majina mai yauƙi ta taru ciki, naman da ya kewaye hanyar ya matse. Iska ta rasa wurin fita sai ta ƴar ƙofa, shi ne fiton da Maman Auta ke ji.

Maman Auta, Zariya: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Ke nan garkuwar jikinsa ce ba ta da ƙarfi? Don wata maƙwabciyata ta ce in riƙa saya masa bitamin da siro na ƙarin jini.

Ɗalibar likita: Yaya, nan ne abin yake da ɗan sarƙaƙiya. Garkuwar mai asma ta gaza ta wani gefe, ta wuce gona da iri ta wani gefen. Kamar mai gadi ne da ɓarawo ya haura yana barci, da ya farka kuma sai ya hau dukan mutanen gida. Akwai wani sinadari da ake kira intaferon, shi ne ƙwayoyin jiki ke fara fitarwa da sun ji bairos ta shigo, don su hana ta hayayyafa. A 2005 masu bincike a Ingila sun ɗauko ƙwayoyin hanyar iska na masu asma suka sa musu rinobairos, suka ga intaferon ɗin da suke fitarwa bai kai na masu lafiya ba, bairos ɗin kuma ta fi yawaita a cikinsu. Ba a kowane mai asma aka ga haka ba a binciken da ya biyo baya, amma an gani a da yawa, musamman masu ciwon mai tsanani.

Ɗaya gefen shi ne na alaji. Jikin yaron yana ɗaukar abubuwan da ba su da illa, irin su ƙurar katifa, kashin kyankyaso, gashin kyanwa, a matsayin abokan gaba, yana ƙera musu wani makami da ake kira IgE. Kuma gefen nan biyu suna da alaƙa: yawan IgE yana danne fitar intaferon. A Manchester an duba yaran da aka kwantar saboda asma, aka ga wanda ya haɗa uku, wato yana da alaji, abin da ke tayar masa da alajin yana cikin gidansu, sannan ga bairos, haɗarin kwanciyarsa ya kusa ninki 20. Kowane ɗaya shi kaɗai bai kai ko kusa da haka ba.

Bitamin ba ya gyara wannan. Idan yaro na da tamowa ko ƙarancin jini a yi masa maganinsu, wannan dabam. Amma kuɗin siro gara ki kai su wajen abin shaƙa.

Mushe: Wannan ya warware mini wani abu. Ina koyarwa a firamare, kuma kowace shekara da an koma lakwal a Oktoba, ba a rufa sati uku sai aji ya ɗauki tari. Yara sama da 70 a aji ɗaya, uku ko huɗu kan tebur, ɗaya ya yi atishawa ya goge da hannu ya miƙa wa na kusa alli. A lokacin ne masu asmar ke fara fashi. Da ina ɗora laifin kan ƙurar alli da sharar aji.

Ɗalibar likita: Mushe, abin da kuka gani an daɗe da ganin sa a Kanada. Su a Satumba suke komawa, kuma kowace shekara kwantar da yara masu asma yana kai ƙololuwa kamar sati biyu da rabi bayan an buɗe makarantu. Daga baya sai ƙannensu na gida su biyo, sannan manya. An gano abu biyu ke haɗuwa: yara sun dawo suna musayar mura, kuma da yawa sun ajiye maganinsu na kullum a lokacin hutu. A 2020 ma da korona ta sa aka rufe makarantu, ƙasashe da dama sun ga tashin asmar yara ya faɗi warwas, alhali ƙurar gida tana nan, ma sun fi zama a cikinta.

Mushe: To ƙurar alli ta kuɓuta ke nan.

Manjo: Ba ta kuɓuta duka ba Mushe, a dai rage mata shekarun ɗauri. Kuma kada mu watsar da maganar uwar mijin Maman Auta. Sanyi ba ya shiga jiki ya zauna shekaru, amma busasshiyar iska mai sanyi idan an shaƙe ta tana matse hanyar iskar mai asma nan take. Mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu komai a haɗe yake zuwa. Ga hazon da iska ke kwasowa tun daga Bodele ta ƙasar Cadi, ga hanci ya bushe ya tsage, ga mutane sun cunkushe a ɗaki an rufe ƙofa da taga, an shigo da kaskon gawayi ana jin ɗumi, wannan na tari a kan wancan. Ranar da hazo ya sauka har ba ka hango ƙarshen titi, na san da wuya in kwana ban ga yaro mai jan numfashi ba. Ita ƙanƙara, wasu yaran takan sa su tari, amma ba ita ce ke kwantar da su ba.

Sai hayaƙi. Itacen girki, taba, maganin sauro na kunnawa, da kuma, a yi mini afuwa mata, turaren wuta.

Hajiya mai turare: Manjo, a bar turare ya huta don Allah! Ɗakin mace babu turare ai kango ne. Uwayenmu sun turara mu tun muna cikin tsumma ga mu nan garau.

Manjo: Ranki ya daɗe, ban ce a daina saye ba, kasuwa ta yi albarka. Na ce ɗakin da mai asma ke kwana kada a turara shi a rufe, musamman yana cikin mura. A turara kaya a tsakar gida, a bari hayaƙin ya fita kafin ya shiga.

Hajiya mai turare: To wannan da sauƙi. Na ɗauka za ka ce haram ne.

Inna ta Tsibiri: Salamu alaikum, jikata ce ka rubuta min. Ɗiyata, Allah shi ba yaro lahiya. Ni ina jin ku tun ɗazu. Mu da munka yi goyo ba mu san wata asma ba. Ɗiyan ƙauye na kwana kusa da awaki da kaji, suna birgima cikin turɓaya, su sha ruwan rijiya, ba ka jin su da wanga ciwo. Ɗiyan birni da anka rufe ɗaki da siminti da hwanka su ka hwama da shi. Kuma yaro in ya cika tari wanzami za a kira shi cire mishi beli, shi ke nan an huta. Ku kun bar na gida kun kama na Nasara.

Ɗalibar likita: Inna, barkanku da wuni, ya ƙarfin jiki? Rabin maganarku Nasaran ma sun dawo kanta. Tun 1989 wani likita a Ingila, David Strachan, ya lura yaran da suka taso gidan yawa, masu yayye da yawa, sun fi ƙarancin alaji. Daga baya aka ga haka a yaran da suka tashi cikin dabbobi a gonakin Turai. A Amurka akwai wasu al'ummu biyu na manoma masu asali kusan ɗaya, Amish da Hutterite. Na farkon suna noma da dawaki, garken shanu dab da gida, yara na shiga suna fita. Na biyun suna noman zamani da injuna, dabbobi can nesa da gidaje. Binciken da ya fito a 2016 ya nuna asma a yaran Amish kamar kashi 5 cikin 100 ce, a na Hutterite kuwa ta haura 20. Abin da ake gani shi ne jaririn da ya haɗu da ƙananan halittu iri-iri na ƙasa da na dabba tun da wuri, garkuwarsa takan koyi bambance abin faɗa da abin ƙyalewa. A Jimma ta Habasha ma an samu mutanen ƙauye sun fi na birni ƙarancin fitowar ƙirji.

Inna ta Tsibiri: To kun ji. Yarinya mai hankali, ɗiyar wa ce?

Manjo: Inna, ku yi mini haƙuri, ni a ƙauyen nake aiki, kuma ba zan bari a tafi a kan cewa ƴaƴan ƙauye ba sa yi ba. Suna yi, suna ba ne kawai ba a sa masa. Za a kawo yaro ɗan shekara 2 yana tari, numfashi na sauri, haƙarƙari na lotsawa. A rubuta limoniya, a ba shi amoksisilin, ya tafi. Wata biyu ya dawo, a sake rubuta limoniya. Ka buɗe karnensa, wato littafinsa na asibiti, ka ga limoniya shafi bayan shafi. Yaron da ke limoniya duk bayan wata biyu, ya warke sarai a tsakani, a binciki asma. A asibitin Mulago na Kampala an duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka kawo da tari da wahalar numfashi, aka tarar wajen 4 cikin 10 ciwon nasu na jinsin asma ne, kuma kusan dukkansu antibiyotik aka rubuta musu. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ƙirjinsa ke fito a fara ba shi salbutamol, maganin buɗe hanyar iska, ya shaƙa, har sau uku, minti 15 zuwa 20 a tsakani, sannan a sake ƙirga numfashinsa kafin a ce limoniya ce.

Kuma wannan datti da ake yabo yana da iyaka. Ruwan da ke koyar da garkuwa shi ne kuma ke kawo zawo, zawo kuwa mun san abin da yake yi wa yaranmu. Kada wani ya karanta ya ce an ce a bar wanke hannu ko a bar allurar rigakafi. Ƙyanda da tarin shiƙa ba sa ƙarfafa huhun kowa, lalata shi suke.

Maganar beli kuwa Inna, ku gafarce ni. Beli a maƙogwaro yake, asma can ƙasa cikin huhu. An sha kawo mana jarirai bayan an cire, jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya ruɓe sun kasa kama nono. Wanda dama numfashi ke yi wa wuya ba shi ne za a sa wa aska a wuya ba.

Inna ta Tsibiri: Ku likitoci kullum da wanzamai kuke. Ni nawa tara duka an cire, ba wanda ya mutu da shi.

Manjo: Allah ya ƙara musu lafiya Inna, ya bar mana ku. Amma na wannan yaron dai a bar masa abinsa.

Maman ƴan biyu, Ali Ɗan Sofo: Don Allah ni ma a duba tawa. Hasana watanta 5, hunturun da ya wuce ta yi mura har ƙirjinta ya riƙa fito, aka kwantar da mu aka sa mata iskar oksijin. Usaina ta yi murar amma ba ta kai haka ba. Ke nan Hasana ta kamu da asma har abada?

Ɗalibar likita: Yaya, kwantar da hankalinki. A wannan shekarun yawanci wata bairos ce da ake kira RSV, wadda kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. Hanyoyin iskar jariri sirara ne ƙwarai, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya sa su fito, balle ƴan biyu da sau da yawa ake haifa ƙanana ko kafin lokaci. A Tucson ta Amurka an bi yara tun daga haihuwa: kamar ɗaya cikin uku ya yi fitowar ƙirji kafin shekara 3, amma fiye da rabinsu sun daina kafin su kai 6. Waɗanda abin ya fi zama musu asma su ne masu uwa mai asma, ko masu ƙaiƙayin fata tun suna jarirai, ko waɗanda ƙirjin ke fito ko babu mura. A jihar Wisconsin ta Amurka kuma an ga yaran da rinobairos ce ke sa su fito a shekaru ukun farko sun fi na RSV haɗarin zama masu asma nesa ba kusa ba. Har yanzu masana na jayayya: bairos ɗin ce ke lalata huhu ta haifar da asma, ko dai tana tona yaron da dama da halin a jininsa? Da alama duka biyun akwai.

Yanzu akwai allurar RSV da ake yi wa mai ciki don ta kare jariri, da wata da ake yi wa jaririn kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a 2024. Abin da ke hannunki yau shi ne nono, da nisanta su da hayaƙi, da hana mai mura sumbatar su.

Maman ƴan biyu, Ali Ɗan Sofo: Hana dangi ɗaukar ƴan biyu? Sai dai in yi hijira. Amma na gode, zuciyata ta ɗan sauka.

Baban Khalifa: Ni fa har yanzu da saura. Kun ce antibiyotik ba ya amfani. To ba a ƙasar nan aka bi gida gida ana ɗura wa yara azitromisin ba, aka ce mutuwa ta ragu? Ko shi ba antibiyotik ba ne?

Ɗalibar likita: Baba, tambayar tana da ƙarfi. Gaskiya ne, an yi gwajin a jihar Dosso tare da Malawi da Tanzaniya, sakamakon ya fito a 2018, kuma a Nijar mutuwar ƙananan yara ta ragu da kamar kashi 18 cikin 100. Amma wannan mutuwa ce daga cututtuka irin su zawo da zazzaɓi da limoniya, ba maganin asma aka gwada ba, kuma an ga ƙwayoyin cuta sun fara jure wa maganin a garuruwan da aka raba. Ba na cewa bakteriya ba su da hannu ko kaɗan. A Danmak an ga jariran da wasu bakteriya suka zauna musu a maƙogwaro tun suna wata guda sun fi zama masu asma, kuma an gwada azitromisin a ƙananan yara masu yawan fitowar ƙirji an ga ɗan sauƙi. Duk da haka ƙa'idojin maganin asma ba su ce a riƙa ba da shi duk tashi ba. Likita ne zai zaɓi wanda ya dace.

Baban Khalifa: To kin ga, ashe ban yi nisa da gaskiya ba.

Manjo: Alhaji, kun yi nisa. Naku amoksisilin ne, daga kwali, ba awo.

Mai farmasi: Ku bar ni in faɗi abin da nake gani a kanta. Kowa Ventoline yake nema, shuɗin abin shaƙan nan, wato salbutamol ɗin da Manjo ya ambata. Shi buɗe hanya kawai yake, cikin mintuna yaro ya samu sauƙi, bayan awa huɗu aikinsa ya ƙare, kumburin yana nan. Wanda ke kwantar da kumburin shi ne na kullum, irin su beklometazon, a shaƙa safe da dare ko yaro lafiya lau yake. Shi ne ke sa idan mura ta zo ta tarar da hanya a lafe. Amma da na ce kotikoyid ne sai uwa ta ja baya, ta ce ai sha-ka-fashe ne, zai kumbura mata yaro. Ba ɗaya ba ne. Waccan ƙwaya ce da ake haɗiya ta bi jini duka, wannan kuwa ɗan mitsitsi ne da ke sauka huhu kai tsaye. Abin da aka tabbatar yana iya rage tsawon yaro da kamar santimita 1, kuma a kurkure baki bayan an shaƙa. Wasu kuma su ce yaro zai saba da abin shaƙa ya kasa rabuwa da shi. Ba ya sa maye, ba ya kama jiki. Amma shuɗin yana da feshi 200, idan yaro na shanye uku a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba, a koma wurin likita a sake lissafi.

Sannan yawancin yara ba sa samun maganin ma, a harshe yake tsayawa, don ba su iya haɗa fesawa da jan numfashi ba. Ku samu gorar roba ta ruwa mai rabin lita, ku wanke da sabulu ku bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikin. Ku ɗora bakin abin shaƙar a gindin gorar ku zana shi, ku huda daidai zanen da ƙarfe mai zafi, ku cusa shi ya zauna daram, in da ɗan gibi a liƙe. Yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa. A girgiza, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, sannan a sake fesa na gaba. Sabuwar gora a fara fesa mata kaɗan a banza kafin amfani na farko. Likitar yara Heather Zar ta gwada wannan a Cape Town, aka buga a 1999, gorar ta yi aiki daidai da na kanti. Ƙaramin da bai iya kama baki ba sai an haɗa masa da abin rufe hanci da baki.

Hajiya mai turare: Ikon Allah. Gorar da muke zuba zoɓo?

Mai farmasi: Ita fa Hajiya, amma wadda ba a taɓa zuba zoɓon ba.

Manjo: Ga abin da ba a jira da shi gari ya waye. Yaro ya kasa magana sai kalma ɗaya ɗaya, ko ya kasa sha ko kama nono, ƙasan ƙirji na lotsawa ciki, leɓe ko harshe ya sauya launi, ya yi laushi yana lumshe ido, ko an ba shi shuɗin bai ji sauƙi ba. Wanda ya fi ruɗar iyaye shi ne fiton ya ɗauke alhali yaro na ƙara galabaita, su ce ya samu sauƙi, nan kuwa iskar ce ta daina wucewa. A nemi kabu-kabu ko ƙarfe nawa ne, ana tafe ana fesa masa. Ku koyi ƙirga numfashi na minti guda cif yaro na kwance shiru: daga wata 2 zuwa 11, 50 ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Kada a tsaya surace da tafasasshen ruwa, ƙuna muke gani, kada kuma a ba yaro mai zazzaɓin mura asfirin.

Mushe: Saura ni. Idan yaro ya zo da majina in kore shi gida don kare masu asma? In na yi haka a Disamba ni da allo za mu rage.

Manjo: Mai zazzaɓi ya zauna gida. Mai majina kawai ba yadda za ka yi da shi, sai buta da sabulu a ƙofar aji, tagogi a buɗe in ba ranar hazo ba, shara kuma a yayyafa ruwa tukuna, kuma kada a sa mai asma cikin masu sharar. Abin da ya fi, tun Satumba iyayen masu asma su kai su a duba, a koma kan maganin kullum kafin a buɗe lakwal. Ka san su waye a ajinka?

Mushe: Biyu na sani. Sauran iyayen ɓoyewa suke, wai kada a ce ɗansu na da ciwon da ake ɗauka, yara su guje shi.

Manjo: Murar ake ɗauka, asma ba a ɗaukarta. Ka faɗa musu haka a taron iyaye. Su biyun nan kuma a kawo maka abin shaƙarsu da gora, ka rubuta suna a jiki ka sa a durowa.

Mushe: Durowar ba ta da makulli, amma zan sa a jakata. Mai farmasi, gobe bayan la'asar zan biyo da gora biyu ka huda mini, don na san in ni na yi sai ramin ya fi bakin girma.

Mai farmasi: Ka zo da abin shaƙar ma, da shi ake auna ramin.